Cikin Ɗanmalam da Ƙwaryar Ardo

In ka shiga kasuwar Garwa kana neman kanwa da gishirin shanu, duk wanda ka tambaya rumfar Ɗanmalam zai nuna maka. Gajere ne kakkaura, da ɗan gemu kamar an ɗiga masa da cokali. Kakansa da jakuna ya zo daga wajen Kano, da goro da baƙin rini, ya sauke kaya a bakin Binuwai, garin ya yi masa, ya ƙi komawa. To amma gari na Fulani ne, sarauta tasu, harshe nasu, kuma mai son a dama da shi dole ya koyi zama irin nasu. Ɗanmalam ya koya har ya zarce malamansa. Fillancinsa ya fi na masu abin tsabta. Ba ya ci a kan hanya, ba ya ƙyalƙyala dariya a gaban manya, ko kunama ce ta harbe shi sai ya yi murmushi. Duk gaɓoɓinsa sun yi mubaya'a, ban da cikinsa.

Cikin nan ba ya ga-maciji da ɗanyar madara. Kindirmo kaɗan a fura, yakan daure. Amma wadda aka tatso yanzu da ɗuminta, kurɓi biyu sun isa ka ji kamar motar auduga na hawa gada.

Da shi kaɗai ne a duniya, da ya haƙura. Sai Allah ya haɗa shi da Ridwan, taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda uwarsa Bafillatana ce daga Rey Bouba. Dogo ne sankaceci, Fillancinsa duk a karye, ga dariya baki buɗe har kana hango abin da ya ci jiya. Amma ka miƙa masa ƙwaryar madara, sai ya kafa kai, ba zai ɗago ba sai ya ga gindinta. Tun suna yara kakarsu kan zuba musu ta ce, "Ku sha ku yi tsawo." Ridwan ya sha ya yi tsawo. Ɗanmalam ya sha ya haddace duk wani lungu da ke bayan gidajen unguwa.

Da suka girma, makiyaya a rumfar Ɗanmalam suke sayen kanwa, amma a shagon Ridwan suke zama hira. Shi kuwa Ridwan, da yake ɗan namiji ne, al'ada ta ba shi bakin tsokana. Kullum da safe sai ya leƙo.

"Bawana, an tashi lafiya? In aiko maka da madara ka karya?"

"Ka aika wa gyatumarka."

"Ai ita ta tatso, ta ce a gaishe ka."

Shekaru Ɗanmalam ya yi yana da yaƙinin uwar Ridwan ce ta tofa masa wani abu a koko don ɗanta ya fi shi. Ya bi masu magani har Mayo-Oulo. Wani ya ba shi saiwa ya ce a jiƙa ta da madara. Wannan tafiya, sai da mai babur ya yi ta tsayawa a hanya har ya ce shi ya fasa.

Gédéon ne ya ɓata masa wannan imani, maƙwabcinsa ma'aikacin asibiti, mutumin kan dutse.

"Mon frère, ɗan'uwana, babu wanda ya yi maka komai. Yawancin 'yan Adam, da an yaye su cikinsu ke sallamar madara. Waɗanda kakanninsu suka daɗe a bayan saniya, su ne nasu bai sallama ba, kuma gado ne kamar dogon hanci. Kakanninka goro suka bi. Nawa gero suka noma a tsakanin duwatsu. Ni ma in na sha, haka nake yi. Ni da kai jirgi ɗaya."

Ɗanmalam ya fi son sammun. Sammu ana karya shi, gado kuwa wa zai kai ƙara? Ga kuma an haɗa shi jirgi ɗaya da mutumin dutse, bayan duk wahalar da ya sha ta zama Bafillace. Sai da ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Gédéon da kyau.

Ana nan sai Sharif, ɗan marigayi wansa, mai yi wa shanu allura, ya ga Rahma 'yar wani Ardo a bayan Touboro, ita ma ta gan shi. Neman aure hakkin baffa ne, kuma Ɗanmalam ne baffa. Amma da dangi suka zauna sai aka fara 'yan kame-kame: ai Ridwan jinin Fulani ne, ai da shi suka saba, ai a bar shi ya yi magana a ba shi yarinya.

"Ina raye?" in ji Ɗanmalam. "Ɗan wana? Wallahi a hannuna za a ba da ita, ko a fasa."

Ya san abin da ke jiransa a ruga, don haka ya shiga horar da ciki a ɓoye, cokali ɗaya yau, biyu gobe. Matarsa Aisatu ta gaji da cika buta.

"Malam, wai auren Sharif za a nema ko kai za a yi wa jana'iza?"

"Ke dai zuba ruwa."

Ranar da suka isa, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin tsamiya. Ba a gama gaisuwa ba sai ga ƙwarya an dire a gaban Ɗanmalam, fara sol, kumfa na rawa a kai. Ridwan ya matso, ya yi ƙasa da murya, kuma wannan karon ba da wasa ba.

"Bawana, turo mini. Sai in ce azumi kake."

Da wani ne ya faɗa, da ya tura. Amma ya ga ƙwaryarsa a bakin Ridwan a gaban Ardo? Ya yi bisimilla ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Ardo ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ƙaro.

Sai aka ce a jira wan Ardo ya dawo daga mashaya, don ba a yanke magana ba shi. Da tsohon ya iso, ya tambayi lafiyar Garwa unguwa-unguwa. Lokacin da aka ba Ɗanmalam fili, gumi ya riga ya jiƙa masa hula. Ya buɗe baki da Fillancin nan nasa mai kyau, cikinsa ma ya buɗe nasa. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi gabas.

"Ikon Allah. Damina za ta yi wuri bana."

Ridwan ya cusa hannun riga a baki. Ɗanmalam bai ko ƙifta ba. Ya ambaci asalin Sharif, da halinsa, da sana'arsa, yana zaune ƙyam kamar turmi, yatsun ƙafarsa sun kama tabarma. Daga ƙarshe Ardo ya ce sun bayar.

"Wa kuka ba?" in ji Ɗanmalam da ƙyar.

"Kai muka ba, baffan yaro."

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Shi kuwa Ɗanmalam, aminsa ta ƙarshe daga cikin gonar auduga aka jiyo ta.

Da ya dawo, ya tarar Ridwan ya gaje wurinsa a tabarma, Ardo na riƙe da hannunsa suna dariya. Ardo ya dube shi da tausayi.

"Ayya, da ka faɗa mana. Baƙinmu Hausawa kindirmo muke ba su. Bakinka ne ya ruɗe mu, muka ɗauka namu ne. Yanzu mun gane."



An yi biki, a hannun Ɗanmalam aka ɗaura, wannan ko Ridwan bai musa ba. Amma ka tambayi 'yan kasuwa labarin auren Sharif, babu mai tuna jawabin, kowa gonar auduga zai ba ka.

Yanzu Rahma ta haifi 'ya, Nasiha, har an yaye ta. Da yamma takan hau cinyar Ɗanmalam da kofinta na madara, ta kafa kai, ba ta ɗagowa sai ta ga gindinsa. Gédéon ya ce a bari ta girma tukuna, yanzu ba a san wanda ta gado ba. Shi dai Ɗanmalam yakan zuba mata ido, ya dubi 'yan ƙafafunta da suka fara miƙewa, ya ce a riƙa ba yarinyar nan kunu.

"Malam," in ji Aisatu, "ita ma kishi za ka yi da ita?"