Wayar da na ɗaura a pampo

Duk abin da zan manta a aikin lantarki, ban da wata Alhamis ta tsakiyar bazara, lokacin ina mai kula da wutar wata makarantar sakandare a Matameye. Ku sababbin shiga, ku buɗe kunnuwanku.

Malamin kimiyya, Mushe Sanusi (haka muke kiran malaman boko a nan, Mushe), ya yi wata uku yana naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin bututun roba, ya haɗa abin da muke kira bobin. In aka kunna ta, sai kuran, wato ƙarfin wutar, ya yi ta ninkuwa har tartsatsi ya riƙa tashi daga kanta kamar walƙiya. Irin wannan abu ba ya yafiya. Dole a yi masa wayar ƙasa tasa shi kaɗai, gajera mai kauri, wadda za ta kwashe wutar da ta kauce hanya. In babu ita, wutar jikin mai kunnawa za ta nema, mai kunnawar kuwa Mushe ne.

Kun san ƙasarmu, rairayi ne, ga shi bazara ta ƙone shi. Na haƙa rami a bayan ajin gwaji, na kafa sandar jan ƙarfe, na zuba gawayi da gishiri, na yi kwana bakwai ina ba ramin ruwa safe da yamma kamar dashen mangwaro. Na auna, awo ya yi kyau.

Ranar bikin kimiyya sai darekta, shugaban makarantar, ya ce a fito da bobin tsakar makaranta, wai ba za a cusa alhazai da manyan ma'aikata cikin aji a wannan zafi ba. Na ce masa ranka ya daɗe, waya ba za ta kai ramin ba. Ya nuna mini pampon da ke gefen rumfar baƙi.

"Duk garin nan a pampo ake ɗaurawa. Kai ne ka fi kowa sani?"

Pampon nan kansa kawai ne ƙarfe, bututun da ke binne roba ne, a gabana aka canja shi. Na gaya masa. Ya ce motocin baƙi sun taso, in na kasa, masu gyaran wuta cike suke a bakin tasha. Ina da iyali, kuma a lokacin ko takardar ɗauka ta dindindin ba a ba ni ba. Wallahi da hannuna na kankare bakin wayar na ɗaura.

Mushe ya iso cikin farar rigarsa, yana ta fara'a. Ko duba wayar bai yi ba, ni ya duba.

"Malam Idi, ta yi?"

Na ce, "Ta yi."

Tartsatsin farko ya tashi, baƙi suka hau tafi. Ya kai hannun dama ga akwatin ƙarfe da ake sarrafa bobin da shi don ya ƙara ƙarfi, sai muka ji tas, ya zube. Kafin in fizge babbar waya har ƙauri ya tashi. Rai dai ya yi saura, amma a asibitin Damagaram aka cire yatsu uku.

Rahoton da aka aika sama ya ce malami ya ƙera na'ura mai haɗari ba tare da izini ba. Babu pampo a ciki, babu darekta, babu ni. Aka kawo mini na sa hannu a matsayin shaida. Shekara na zagayowa darekta ya sami ƙarin girma, Mushe kuwa aka mai da shi wani ƙauye wajen Tsauni, yana koyon riƙe alli da hagu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma kaina na fi jin haushi.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan mai ba da oda ba shi ke taɓa ƙarfe ba, kuma wanda zai taɓa ba ya auna komai sai maganarka. In ba za ka iya ce wa babba a'a ba, ka ajiye pensa da sauran kayan aiki ka nemi wata sana'a.

Nakan haɗu da Mushe ranar kasuwa. Bai taɓa tambayata abin da ya faru ba. Sai ya miƙo mini tsintsiyar hannunsa mu gaisa, ya ce, "Malam Idi, ina aiki?"