Dakalin da Kawu Ya Yi wa Gyara

Jiya ƙotar guduma ta biyu ta karye a kan dakalin ƙofar gidanmu na Mawashi, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Mai awon hatsi ne a kasuwar Kusada, kuma bai taɓa sallamar mai saye ba sai ya yi masa gyara. Ranar da aka zuba dakalin ina tsaye. Magini ya ce kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kawu ya auna daidai, sannan ya antaya ƙarin siminti.

"Alhaji, ai ya isa haka," in ji magini.

"Awo babu gyara? So kake yashi ya kai ƙarata Lahira?"

Haka ya yi wa kowane kwaɓi. Gemunsa ya yi furu-furu, yana atishawa yana ƙarawa.

Yanzu muna son faɗaɗa ƙofa don amalanke ta shigo da gero, amma dakali ya ƙi ko tsagewa, tartsatsi kawai yake mana. Mun haƙura, da ka muke jidar dammuna.

Allah Ka yalwata wa Kawu makwancinsa. Idan an zo auna ladansa, ya Rabbi, a yi masa gyara.