Kawu ya leƙa bayan kwamfuta

Jama'a, yau saura ƙiris in kai abokina Bashir gaban alƙali a kan laifin da ni na yi.

Wata biyu ke nan da ya sayar mini da katin garafik, abin nan da ke sa gem ya yi gudu a kwamfuta. Giga takwas, fanka uku. Na sa shi, amma wasan ƙwallo sai tsaitsayawa yake kamar da. Na ce ha'inci ne.

Da safe Kawu ya zo daga Moriki, ya tarar ina neman shaidu. Ya ce, "Kafin ka ɗora wa Musulmi ha'inci, gwada min aibin."

Kawu fa bai san kan kwamfuta ba. Ya sa tabarau, ya leƙa bayanta, ya daɗe.

"Wanga mai fanka shi ne sabon? To don mi ramukansa ke wofi, igiyar allon tana can sama?"

Na zare igiyar, na soka a katin. Wallahi har ciyawar fili na gani ɗaiɗai, 'yan wasa na sheƙawa ba tsayawa!

Kawu ya gyara hula. "Ka sayi san noma, ka ɗaura wa jaki garma. Tashi mu tai gidan Bashir, ni ne shaidarsa."