Burtalin da Baffa ya roƙa

Jiya na bi ta burtalinmu, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi, sai na tarar an kafa turakun siminti, an yanka shi fuloti-fuloti. Nan take Baffa ya faɗo mini a rai.

Shekara uku ke nan da na raka shi zaman majalisar ƙaramar hukumarmu, nan gefen Abuja. Ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya cire takalmi kamar mai shiga masallaci, rigarsa tana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Abu ɗaya ya roƙa: a bar wa shanu hanyarsu. Kansiloli duka suka ɗaga hannu. Ciyaman ya ce, "Baba, an gama, je ka huta."

Na raɗa masa, "Baffa, mu jira takarda mai hatimi."

Ya harare ni. "Babban mutum ya yi magana gaban jama'a, an shafa fatiha, ka ce ya rubuta? Ai ka zage shi."

Yau na je sakatariya. Magatakarda ya buɗe fayil, ya jujjuya, ya ce, "Oga, babu wannan magana a rubuce." Shi ne fa yake riƙe da biro ran nan, yana ta gyaɗa kai!

Wata biyar kacal da rasuwar Baffa. Ashe jira suke yi.

Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya haskaka kabarinka, Ya saukar da kai inda ba a saɓa alkawari.