Sannu-Sannu, Mai Gyaran Sitiyari

A garejin da ke bayan tashar mota, inda kwalta ta ƙare, akwai wani bakanike da kowa ke kira Sannu-Sannu. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da giyar mota. Sitiyari da ƙafar gaba kawai yake yi. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, don aikin da wani zai gama kafin ka sha ruwa, shi sai ya kai azahar yana lalube.

Da can direba ne. Shekara goma sha huɗu yana jan bas, bai taɓa ko gogar motar wani ba. Wata Talata yana saukowa daga gangare da fasinja goma sha takwas, ya murza sitiyari dama, sitiyarin ya juya sakayau a hannunsa, motar kuwa ta miƙe abinta. Suka faɗa gonar wani, bas ta kwanta. Ba wanda ya rasu. Wata mata ta karye a hannu, shi kuma ya bar haƙora biyu a wurin. Da aka duba, kan tayarod ne ya fice, ɗan ƙarfen nan da ke haɗa sitiyari da taya. Sati uku motar tana ƙwas-ƙwas in ta hau gargada. Ya ji, ya ce sai ya samu sarari.

Bai ƙara ɗaukar fasinja ba. Yana da shekara arba'in ya je garejin ƙaninsa ya ce a koya masa aiki.

"Haba Yaya," in ji ƙanin, "ni zan ce ka miƙo min sufana? Inna ta ji ai na shiga uku."

"Kai dai ka ce, ni in miƙo."

Haka aka yi shekara uku. Daga ƙarƙashin mota sai ka ji ƙanin yana cewa, "Yaya, don Allah, in ba damuwa, lamba sha bakwai." Har yau kanikawan layin suna kwaikwayonsa.

Wata safiya wata ungozoma ta kawo ƙaramar motarta. A asibitin wani ƙauye take aiki, tafiyar awa ɗaya, kullum ita ke tuƙa kanta. Motar tana janta dama. Gareji ɗaya sun saita mata tayoyi, ba ta daina ba. Na biyu sun ce sai an canza rak, ƙarfen sitiyarin gaba ɗaya.

Sannu-Sannu bai buɗe komai ba. Ya tambaye ta yaushe abin ya fara, ko in ta taka burki ne kawai, ko ta faɗa rami. Ta ce tun da aka sa mata taya ɗaya a gaba, wata biyu da suka wuce. Ya gwada iskar tayoyin, daidai suke. Sai ya kwance na gaba, ya mai da ta dama hagu, ta hagu dama, ya zagaya layin ya dawo.

"Yanzu hagu take ja," ya ce. "Tayar ce ba ta da kyau. Rak ɗinki lafiya lau."

Ta yi hamdala, ta miƙa hannu a ba ta makulli. Shi kuwa ya riga ya sa jak. Ya kama taya da hannu biyu ya girgiza. Ya ce ta shiga ta riƙa motsa sitiyari kaɗan-kaɗan, ya kwanta a kan kwali, ya ɗora tafin hannunsa a kan tayarod na hagu. Ya daɗe a haka. Robar ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya cinye ƙarfen.

Ya fito ya sa makullin a aljihu.

"Baiwar Allah, yau motar nan ba za ta hau hanya ba."

"Baba, mata na can suna jirana. Ba wannan ya kawo ni ba."

"Na sani."

Ƙanin ya matso ya rage murya. "Yaya, a ɗaure mata notin, ta je ta dawo gobe."

"Ba noti ba ne. Me zan ɗaure?"

Ta ce motarta ce, ba tasa ba. Ya ce ƙwarai kuwa, in ta ga dama ta kira a ja mata ita zuwa wani gareji, amma shi ba zai sauke ta daga jak ba. Ta ɗauki jakarta ta nufi tasha, ko sallama babu. Shi kuma ya tafi kasuwar kayan mota. Ya duba kan tayarod guda biyu ya mayar, sai na uku ya karɓa. Ya ɗaura, ya ƙirga zaren da noti ke bi kamar yadda tsohon yake, ya sake saita tayoyin.

Washegari ta zo fuska a ɗaure. Ya ɗora mata tsohon ƙarfen a hannu, ya sa yatsa biyu ya ja. Kan ya fito ɓul. Ta tsaya tana kallon ƙarfen.

"Ka sa min a leda," ta ce. "Maigidana zan kai wa. Shi ya ce motar ba abin da ke damunta, ni ce ban iya tuƙi ba."

Tun daga nan ma'aikatan asibitin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, har da direban motar ɗaukar marasa lafiya. Duk wanda ya zo da gaggawa, ƙanin yakan nuna masa benci ya zauna ya jira.

Yanzu ya haura sittin. Gwiwa ta fara ƙin kwali, maiɗakinsa tana ta mitar ya bar shiga ƙarƙashin mota. Kwanakin baya wani malamin makaranta ya kawo sabuwar mota, sitiyarinta ya yi tauri. Sannu-Sannu ya buɗe gaba, ya nemi famfo da tulun man sitiyari, bai gani ba. Na lantarki ne. Ya duba ƙasa, komai lafiya. Ya goge hannu ya miƙa makulli.

"Malam, wannan ban san shi ba. Ka bi layin nan, shago na huɗu, akwai mai na'ura."

Malamin ya ce an gaya masa ba abin da ke gagararsa a sitiyari.

"Sun ƙara gishiri," in ji shi, ya juya wajen tasin da ke jira.