Ranar da Na Sa wa Kakana Adda a Hannu

Jiya a tashar Rogo wani ya buɗe man zafi kusa da ni. Ƙamshin na bugo ni sai ga ni a ɗakin kakana a Jajaye, ina ɗan aji huɗu, ajin da daga shi ban ƙara gaba ba.

Kakana tsohon soja ne. Akwai tabo a cinyarsa, in damina ta kama sai an shafa masa man nan kafin ya iya miƙewa. A waccan shekarar kuwa ya kwanta sosai, har aka fara cirar gyaɗa bai leƙa gona ba.

To a makonnin nan ne wani malami ɗan bautar ƙasa ya ba mu labarin mutanen da, na can ƙasashen ƙanƙara. Wai a wajensu wanda ya mutu a fagen yaƙi da makami a hannu, wani ƙaton zaure ake kai shi, Balhala, rufinsa duk garkuwa. Kullum da safe su fita su sassari juna, da yamma kowa ya tashi garau a zauna cin nama. Wanda ciwo ya kashe a kwance kuwa, sai wani wuri mai duhu da sanyi.

Ka san yaro. Malam ya ce tatsuniyarsu ce, ni sanyin kawai na riƙe. Kaka da ko iskar hadari ba ya so! Kwana uku tuwo ba ya wuce mini.

Ran na huɗu na gudo daga makaranta da hantsi. Na same shi yana barci, na ɗauko addar da ke bayan rumbu, na buɗe yatsunsa a hankali na sa masa. Sai ga kakata da kwanon fura.

"Innalillahi! Kai ɗan nan, kishin ne har ya kai ga adda?"

Kaka ya farka, ya dubi hannunsa, ya dube ni. "Abokin gaba, so kake ka gaje mini tsohuwar tun ina numfashi?"

Na fashe da kuka, na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Tsaya. A sare ka da safe, ka warke, gobe a sake sare ka? Har abada?"

Na ce e.

"Naman me ake ci?"

"Wai alade na daji."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka ji azaba an sa mata rufi! Ni da na ga yaƙi da idona, kullum roƙona Allah Ya ɗauke ni a kan tabarmata, da kalmar shahada a bakina. Mayar da addar nan kafin ta yi tsatsa."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Furar nan ni na shanye rabinta.

Sai bayan damina biyu ya rasu, da la'asar, yadda ya roƙa.

Yanzu kam ba na iya zama wuri ɗaya: yau acaɓa, gobe dako. Bara lokacin zaɓe aka zo ɗibar samari a mota, kowa da gora, ana cewa namiji ba ya mutuwa a kwance. Har na ɗora ƙafa, sai na sauko. Suka yi mini ihun matsoraci har motar ta sha kwana. Na koma gida na shimfiɗa tabarma a inuwa, na yi barcina.