Ambulan Ɗin da Mama Fibi Ta Buɗe

Duk wanda ya taɓa sayen magani a kemis ɗin bakin titin Kabong ya san Firisila Mwadkon. Ita ce doguwar nan mai saurin hannu, wadda ta fi mai shagon sanin magani amma ba ta da takardar nunawa. Shekara shida ke nan tana bayan kantar shagon, kullum cewa take yi aikin na ɗan lokaci ne.

Ta yi shekara biyu a wata kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta, saura ɗaya ta gama, aka wayi gari hukuma ta rufe makarantar. Ta yi yawon ofisoshi har takalmi ya gaji. Sai bana wata kwaleji ta yarda ta karɓe ta a ajin ƙarshe, da sharaɗi guda: ta kawo takardar sakamakonta daga tsohuwar makaranta, cikin ambulan a rufe, da hatimi a bakinsa.

Da ƙyar ta gano Baba Dantong a Daɗin Kowa, tsohon magatakardan rufaffiyar makarantar da aka bar wa aikin sallamar ɗalibai. Fayilolin suna cikin buhunan dankali a bayan gidansa. Ya tono nata, ya rubuta, ya liƙe, ya buga hatimi.

"'Yata, Allah ya taimake ki," in ji shi. "Ranar Jumma'a zan mayar wa hukuma da hatimin, su kwashe buhunan nan. Kada ki bari kowa ya buɗe."

Laraba ce ranar, kwalejin kuwa Litinin suka ce ta zo. Ta sa ambulan cikin Littafi Mai Tsarki, ta ci gaba da zuwa shago.

To, akwai mahaifiyarta, Mama Fibi. Tun shekarar da ƙanƙara ta huda rufin gidansu ruwa ya cinye takardun aikin marigayi mijinta, ta ƙulla gaba da takarda tsirara. Katin baftisma, katin asibiti, har katin gayyatar biki, sai ta kai wa Onyekwere mai fotokwafi ya manne su cikin leda. Da za a iya manne mutum, da tuni ta manne jikokinta.

Ranar Asabar Firisila ta dawo ta tarar da uwar a bakin ƙofa tana washe baki, takardar na ƙyalli a hannunta.

"Ke da sakaci! Babban takarda haka kin bar shi ba kariya? Na gyara miki. Yanzu ko ruwan Agusta ba zai taɓa shi ba."

"Mama, ina ambulan ɗin?"

"Wannan? Ai na hura wuta da shi."

Firisila ta dubi takardar. Ta buɗe baki, ta ga farin cikin da ke fuskar tsohuwar, ta rufe. "Na gode, Mama," ta ce.

Ranar Litinin Madam Ulonma ta ofishin ɗaukar ɗalibai ta juya takardar gaba da baya. "Sista, makinki ya yi kyau, har na ji tausayi. Amma an buɗe, an kuma manne. Ba zan iya karɓa ba. Ki kawo sabo, ko ki fara daga ajin farko."

Ta ruga Daɗin Kowa. Bayan gidan fayau. Buhunan sun tafi wani ɗakin ajiya da kowa ke cewa mabuɗinsa na hannun oga, ogan kuma ba a taɓa samunsa a kujera ba. Sau goma sha ɗaya ta je, har mai gadi ya daina tambayarta wa take nema.

Ajin farko a shekara talatin da uku, ga uwa a wuyanta, ba abu ne mai yiwuwa ba. Ta koma bayan kantar kemis da ɓacin ran da ba ta da wanda za ta sauke wa.

Takardar tana rataye a falo kusa da kalandar coci. Mama Fibi na nuna wa matan zumunta, tana goge ta kowace safiya, tana tambaya, "Yaushe za ki fara makarantar?"

"Sun ce a jira, Mama."

Har yau ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.